Naman kazar gara a Dajin Falgore

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos ya ratsa Dajin Falgore, sai dai galibi ta tagar mota ake kallonsa. Mu kam a watan Agusta muka shiga da ƙafa, kwana biyu bayan ruwan sama.

Kusa da wani suri muka tarar da su birjik: fararen naman kaza ƙanana, hular kowanne ba ta fi faɗin farce ba. Inda suka fito shi ne shaida ta farko. Gara manomiya ce. A cikin gidanta take renon wannan tsiro, da damina ta fito da ɓurɓushinsa waje, ya tsiro. Masana na kiran danginsa Termitomyces.

Amma fari ba hujja ba ne. Muka kife hula ɗaya a kan takarda, muka rufe da kofi ta kwana. Da safe ga gari mai ruwan hoda, irin na gara. Wani babba da ke fitowa cikin ciyawa garinsa kore-kore ne, amai da gudawa yake sa wa. Akwai kuma masu guba da su ma ruwan hodar suke bari, don haka namu bai shiga tukunya ba.