Majami'ar Bakin Gidan Waya

Mu mazauna Briqueterie, in za mu babban gidan waya ko kasuwar Mfoundi, mukan bi ta gaban babbar majami'ar Katolika ta Yawunde, wato Notre-Dame-des-Victoires. Amma kaɗan ne cikinmu suka san labarinta. An soma gininta a 1952, zamanin Faransawa, aka buɗe ta a 1955. Lokacin iyayenmu suna nan unguwa, a kan idonsu ta tashi. Tana cin mutum wajen 5,000.

A cikinta ne Jean Zoa, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Katolikan Yawunde, tun 1961, ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar addu'ar mamaci, ran 20 ga Maris, 1998. Nan kuma aka binne shi.