RANAR DA MASU GIDA SUKA RASA GIDA

Na san a wannan makon kuna jiran ci gaban littafinmu ne, to amma ku yi mini afuwa, akwai wata magana da ta daɗe tana cin raina wadda nake son in sauke ta a gabanku. Magana ce a kan ƙwallon ƙafa, sai dai 'yan'uwana mata kada ku yi saurin wucewa, domin kuwa akwai zancen tarbiyya a cikinta, kuma ni ne mai laifin.

Ina ɗan firamare aka kafa Kano Pillars a shekarar 1990, lokacin da aka haɗe ƙungiyoyi uku, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka mayar da su guda ɗaya. Yayana, Allah Ya ji ƙansa, shi ne ya fara ɗora ni a kan kekensa ya kai ni kallo. Ban san dokar wasa ba, abin da kawai na riƙe shi ne riga ruwan ɗorawa da kore, da kuma ihun da ke tashi kamar ƙasa za ta tsage: Sai Masu Gida! Tun daga ranar son ƙungiyar nan ya shiga jinina.

Yaya ya ga abin da ni ban tsaya na lura da shi ba. Pillars ta taɓa faɗawa rukuni na biyu, sai a 2001 ta lashe gasar can ta dawo cikin manya. A tsakanin nan bai taɓa fashin zuwa fili ba, alhali ni ina can ina fama da rubutun littafina na farko da bin masu ɗab'i. Yakan ce da ni, “Kai yaro ne, ranar biki kowa ɗangi ne, ranar jinya ake gane na gida.” Dariya kawai nake yi masa.

Ni zamanin daɗi na fi sani. A 2008 muka ɗauki kofin gasar Firimiya ta Nijeriya karo na farko a ƙarƙashin koci Kadiri Ikhana. Shekara na zagayowa, 2009, muka shiga gasar zakarun Afirka muka yi abin da ba wanda ya zata, muka fitar da Al Ahly ta Masar, bayan an yi 1-1 a Kano aka kuma yi 2-2 a Alƙahira. Daren nan 'yan acaɓa ba su bar kowa ya yi barci ba. Muka kai har wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare mu. A kakar 2009 zuwa 2010 wani siririn yaro mai gudu kamar barewa, Ahmed Musa, ya zuba ƙwallaye 18 kafin Turai ta ɗauke shi. Daga nan sai kofi uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, su Rabi'u Ali Pele da Gambo Muhammad suna yin yadda suka ga dama.

Abin da ya fi kofunan nan sa mu fankama shi ne, tun daga 2003 har zuwa watan Agustan 2015 ba ƙungiyar da ta zo gidanmu ta ci mu a gasar, wasa 202, kafin Nasarawa United ta zo ta karya lagon da ci 2-1. Shekara goma sha biyu ke nan. A cikinsu na yi aure, a cikinsu aka haifa mini ɗana na fari, wanda ba zan ambaci sunansa ba, kun dai san kunyar ɗan fari. Yana shekara biyar na fara saɓa shi a kafaɗa zuwa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, kuma karatun da na yi ta biya masa guda ɗaya ne: ba a cin mu a gida. Idan baƙi suka yi kunnen doki da mu, a gabansa nake zagin alƙalin wasa, in ce an saye shi. Ban taɓa ce masa yau an fi mu iya wasa ba, ko sau ɗaya.

A 2019 muka je Kaduna tare muka ga Pillars ta ɗauki kofin ƙalubale bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Yaya bai ga wannan ba, ya riga mu gidan gaskiya.

Sai ga kakar 2021 zuwa 2022. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, ƙungiyoyi 20 ne a gasar, kowacce za ta yi wasa 38, wanda ya ci yana da maki uku, kunnen doki maki ɗaya, huɗun da suka zo ƙarshe kuma su gangara rukuni na ƙasa. A kakar nan muna ta tangal-tangal, ga shi an daɗe ana buga wasanninmu na gida a Kaduna. Cikin watan Afrilun 2022, ana azumi, aka dawo da mu Kano, kuma waɗanda za mu karɓa su ne maƙwabtanmu Katsina United. Fili ya cika maƙil, kowa ya zo da yunwar nasara ban da ta azumi. Wasa ya yi nisa babu ci, sai hankula suka fara tashi, jama'a suka ɓalle suka shiga fili, wasan bai kai ƙarshe ba, aka farfasa motar baƙi.

A cikin turmutsitsin nan yarona ya ɓace mini. Na nema har na gaji, na koma gida da faɗuwar gaba, uwarsa tana ta safa da marwa a tsakar gida ko ruwan buɗa baki ta kasa sha. Sai bayan isha'i ya shigo, riga a yage, hannu da jini. Na ce, “Kai, daga ina?” Ya dube ni ido cikin ido, babu alamar nadama, ya ce, “Abba, ai mun nuna musu nan gidanmu ne.” Na ɗaga hannu zan kai masa mari, sai hannun ya tsaya a sama, domin muryata na ji a bakinsa. Abin da na shuka tun yana kan kafaɗata shi ne ya tsiro, wa zan mara?

Hukumar gasar ba ta ɓata lokaci ba, ta cire mana maki uku, ta ci mu tara, ta kuma kore mu zuwa Abuja mu ƙarasa wasanninmu na gida a can. Masu gida suka wayi gari ba su da gida. Da kaka ta ƙare muka faɗa rukuni na biyu, karo na farko cikin fiye da shekara ashirin, mu da MFM ta Legas, da Heartland ɗin nan da ta hana mu kofin Afirka, da ita kanta Katsina United. Ba zan ce dutsen da yarona ya jefa shi ya saukar da Pillars ba, wasanni da yawa aka zubar kafin nan da bayan nan. Amma maki uku ba wasa ba ne ga mai neman tsira, kuma ba abokan hamayya ne suka ƙwace su ba, mu muka miƙa da hannunmu, muna cewa ƙauna ce.

Ranar da faɗuwar ta tabbata na same shi a soro ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce shi ya bar Pillars, Turai zai koma kallo kamar abokansa. Na zauna kusa da shi na yi abin da uba Bahaushe ba ya son yi, na ce masa, “Babana, ni na cuce ka. Na koya maka yadda ake murna ban koya maka yadda ake shan kaye ba.” Na ba shi labarin Yaya da kekensa, da shekarun da ya yi yana bin ƙungiyar nan a rukuni na biyu. Na kuma faɗa masa abin da ya riga ya sani, cewa ni kaina na san faɗuwa. Akwai lokacin da 'yan kasuwa ke layi a kan littafina kafin ya fito daga maɗaba'a, sai waya ta zo ta ɗauke masu karatu, na zauna da kwalayen littattafai a ɗaki da bashin mai ɗab'i a wuya. Ban jefi kowa ba, ban kuma ajiye biro ba, shi ya sa kuke karanta ni a nan.

Muka yi alkawari za mu bi Pillars a rukuni na biyu, da sharaɗi ɗaya, ko an ci mu ba mai zagin kowa, ni da shi. Wallahi ni sharaɗin ya fi yi wa wuya, sau biyu yana taka mini ƙafa idan na buɗe baki. A 2023 aka yi gasar ƙungiyoyi takwas a Asaba, Pillars ta sami gurbin dawowa tare da Heartland da Sporting Lagos da kuma Katsina United. Tare muka sauka da Katsinawa, tare muka hau, kamar Allah Yana nuna mana cewa faɗan da muka yi na banza ne.

Yau idan na ga uba ya saɓo ɗansa zuwa fili yana ɗura wa alƙali ashar, sai in ji kamar in riƙo hannunsa. Ƙungiyar da ta faɗi ta iya dawowa cikin shekara ɗaya, mun gani da idonmu, amma gyaran yaron da aka koya wa cewa ba a cin sa ya fi haka daɗewa, har yanzu ina kai.

Allah Ya ji ƙan Yaya, Ya shirya mana zuri'a. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ɗora daga inda muka tsaya a littafinmu.