Tafiyar Mai Jaka Daga Kano Zuwa Maiduguri

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwana masu karatu labarin tafiyar da na yi daga Kano zuwa Maiduguri cikin watan Afrilu na 2025. Ba don hanyar baƙuwa ce ba, sai don irina suna nan da yawa ƙunshe a ɗaka, kunya da tsoron hanya sun hana su zuwa ko da ta'aziyya.

Ni dai na daɗe ina fama da gyambon babban hanji, zawo da jini dare da rana, har likitoci suka cire babban hanjin duka. Suka fito da bakin ƙaramin hanji ta gefen dama na cikina, ana manna masa jaka, a nan bayan gida ke taruwa, ba ya neman izini, ba ya jiran lokaci. Wani likitan Ingila, Bryan Brooke, shi ya kyautata wannan aiki a 1952. Jakar mannawa kuwa dabarar wata ma'aikaciyar jinya ce ta ƙasar Denmak, Elise Sorensen, a 1954, da ta ga 'yar'uwarta ta daina fita bayan an yi mata aiki.

To, jama'a, ku sani babban hanji shi ke tsotse ruwa da gishiri ya mayar wa jiki. Wanda ya rasa shi, babban abokin gabansa a hanya ƙishirwa ce. Wasu kan ƙi shan kome don kada jaka ta cika a mota, wannan kuwa wasa ne da ƙoda. Ruwa zalla mai yawa shi ma wucewa yake yi, ya tafi da gishirin jiki. Saboda haka tun dare na haɗa gora uku, kowace lita ɗaya da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ina kurɓa kaɗan-kaɗan, ina lura da launin fitsari. Jakunkunan canji kuwa a cinyata na riƙe su, gama zafin bayan mota yana lalata dankonsu.

Muka tashi bayan asuba, tafiya ce ta kusan kilomita 600. Da muka haye gadar Wudil masu talla suka yanyame mu, ga gyaɗa, ga aya, ga rake. Wani dattijo da ke kusa da ni ya miƙo mini aya, na ce, "Na gode, Baba, likita ya hana." Gaskiya kuwa na faɗa, don irin waɗannan masu ɓawo da zare su kan toshe bakin hanjin, mutum ya kama murɗa da amai a inda babu asibiti. Ayaba da burodi na saya.

Bayan mun wuce Azare jaka ta kai sulusi, wato lokacin zubarwa ya yi. Na yi wa direba raɗa, ya ce in daure. Ina abin daurewa ga wanda ba shi da makulli? Sai da dattijon nan ya sa baki aka tsaya a wata tasha, ba zan faɗi sunanta ba. Makewayin da na biya kuɗi na shiga ba ƙyaure sai tsumman buhu, ba ruwa, ba ko ƙusar da zan rataya kayana. Mai lafiya ya tsuguna ya tashi cikin minti biyu. Ni kuwa ina bukatar hannu biyu, da haske, da buta, da wurin ajiye kaya mai tsabta. Na riƙe bakin riga da haƙori na yi abin da zan yi, direba yana ta danna oda.

A Potiskum, garin babbar kasuwar shanu, muka yi azahar. Nan ne zuciya kan yi wa mai jaka waswasi, wai ina alwala ga wanda abu ke fita daga jikinsa koyaushe? Na riga na tambayi malamai, suka ce hukuncina hukuncin mai salasi ne, wanda Risala ta ambata, ana so ya sabunta alwala kowace salla. Na yi alwalata na shiga sahu, ba wanda ya waiwayo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali yana gaban Damaturu. A wani shinge aka ce kowa ya sauko. Soja ya hangi tudu a ƙarƙashin rigata, ya ja da baya, ya daka mini tsawa in ɗaga hannu. Ban ga laifinsa ba, duk wanda ya san abin da ƙasar Barno ta gani tun 2009 ya san dalili. Na ce, "Ranka ya daɗe, maras lafiya ne ni, takardar likita tana aljihuna na sama." Ya karanta, ya kai ni bayan mota inda ba idon jama'a, na nuna masa, ya ce Allah ya sawwaƙe. Kada mai jaka ya kuskura ya bi wannan hanya ba takardar asibiti mai hatimi, kada kuma ya kai hannu ciki kafin ya yi bayani.

Muka shiga Maiduguri da la'asar, gumi ya fara ɗaga gefen danko, na canja jaka a masaukina.

Roƙona ga shugabannin tasha da hukumomin da ke bisa kansu shi ne, a kowace babbar tasha a ware makewayi ɗaya mai ƙyaure da sakata, da ruwa, da ɗan kanta na ajiye kaya. Direbobi kuma, in fasinja ya yi muku raɗa a tsaya, ku tsaya, minti biyar ya ishe shi.

Wassalam.

Ni ne naka,
Wani Mai Jaka, Kano.