Jiran mota a cikin kankana

Yawancinmu da mun ji sunan Nagasaki, bam ɗin 1945 ne ke faɗo mana a rai. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a wannan lardi na Japan rumfar jiran bas ce.

A Konagai, wani yankin karkara, hanya mai lamba 207 tana bin gaɓar tekun Ariake. Kana cikin tafiya sai ka hango kankana a bakin titi, ta fi mutum tsayi, koriya shar da ratsinta, an yanke mata ƙofa da taga, ga benci a ciki. Gaba kaɗan ga tumatir, ga lemo, ga sitiroberi irin wanda ake nomawa a Jos, har da ɗigo-ɗigon jikinsa. Guda 16 ne, iri biyar. An gina su ne a 1990 lokacin wani baje kolin yawon buɗe ido na Nagasaki, don tarbar baƙin da ke shigowa ta lardin Saga. Biki ya watse, a 2005 aka haɗe garin da birnin Isahaya, amma rumfunan suna nan, bas na tsayawa a gabansu.

Tambayar da ta fara zo mini ita ce: duk wannan ɗawainiya don mai jiran mota kawai?

Muna yara, tasharmu gindin tsamiya ce. Ranar kasuwa Inna kan tashe mu da asuba, mu zauna a kan buhu muna kasa kunne ko za mu jiyo gurnanin akori-kura daga nesa. In ruwa ya sauko ya jiƙa mu, in hunturu ne mu ƙudundune cikin zanenta. Na tashi da sanin cewa jira haƙuri ne, ba ya buƙatar rufi. Sai da na ga wata tsohuwa zaune cikin lemo, iskar teku na kaɗawa a waje ita ko a jikinta, na fara tunanin me ya sa muka yarda da hakan. Yaron da bai iya karatu ba ma ya san a tumatir zai sauka, kamar yadda muka san tsamiyarmu.

Roƙona ga masu faɗaɗa hanyoyin karkararmu: in ba za a gina wa matafiya rumfa ba, a bar musu bishiyar da suke fakewa.