Kik ɗin Sifinja

Duk wanda ya san hanyoyin yammacin Sudan ya san sifinja. Babbar mota ce ƙirar Bedford, samfurin TJ da aka fara ƙerawa a Ingila a 1958. Makanikan Sudan suka karɓe ta, suka ƙara mata tsawo da ƙarfi da ado, aka raɗa mata sunan silifas, wato sifinja, saboda laushin tafiyarta. A wurin direba irin kawuna kuwa, ɗaki ce guda. A cikinta yake ajiye tabarma da butar shayi da tukunya, a ƙarƙashinta yake kwana idan dare ya riske shi tsakanin kasuwar Suk Libya ta Umdurman da garuruwan Kordofan.

A 2021 kik ɗin motar ya fara gardama. A murɗa makulli, sai a ji ƙas, sannan shiru. Ƙaramar mota idan ta yi haka, samari huɗu sun isa su tura ta. Amma wa zai tura sifinja da lodin buhunan dawa a cikin yashi? Can inda ba rijiya ba inuwa, motar da ta ƙi tashi tana iya cin rai. Da yake ni ke riƙe wa kawu lissafi, tare muka shiga neman mafita.

Aikin kik ba shi da wuyar fahimta. Yana jan wuta daga batir, ya tura wani ɗan giya mai haƙora ya cafki haƙoran babban faifan da ke bayan inji, ya juya shi har injin ya kama, sannan ya saki. Saboda haka abu huɗu ne dole su dace: ƙarfin wuta, ko 12 ko 24, yawan haƙora, ɓangaren da yake juyawa, da ramukan ƙusoshin da ke ɗaure shi. In ɗaya ya saɓa, ko dai ya ƙi shiga, ko ya shiga ya cinye haƙoran faifan, a tashi daga ƙaramin gyara zuwa sauke giyabos.

A nan ne sunan mota ba ya amfani. Sifinja da yawa sunan Bedford kawai ya rage a goshinsu, cikin kuwa an sha sauyawa. Ta kawu ma injinta na biyu ne. Don haka muka kwance tsohon kik, muka naɗe shi a buhu, muka riƙa yawo da shi shago shago a unguwar masana'antu ta Umdurman, muka haye gada zuwa ta Khartum, muna ƙirga haƙora da yatsa.

Zaɓi uku muka samu. Akwai sabo fil a kwali, ɗan waje, mai sheƙi da rashin nauyi. Akwai na hannu, wanda aka ciro daga motar da aka yi wa gunduwa-gunduwa. Akwai kuma a gyara namu. A watan Fabrairun shekarar gwamnati ta karya darajar fam, dala ta tashi daga fam 55 zuwa 375 a hukumance, kuma kuɗin kayan gyara sai wanda mai shago ya faɗa a ranar. Ni da ke riƙe da jaka, hankalina ya karkata ga sabon, don shi ne ake ba da shi da alkawarin canji.

Kawu ya kai mu wurin wani dattijo mai gyaran wayar mota, Bahaushe kamarmu, wanda iyayensa suka zo a hanyar Makka suka zauna. Ya juya kik ɗin a hannu, ya buɗe bayansa, ya nuna mana buroshin da suka cinye.

"Usta, wanne za mu ɗauka?" in ji kawu.

"Alhaji, kowane kik mutuwa zai yi," in ji shi. "Ka tambayi kanka a ina zai mutu, kuma wa zai iya buɗe shi a wurin."

Maganar ta zauna mini. Alkawarin canji yana aiki ne a Khartum. Tsohon samfurin kuwa, kowane mai gyara daga Umdurman har El Obeid ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa, buroshinsa ma ana iya goge na wata mota a daidaita. Muka sayi na hannu mai haƙora daidai da namu, bayan an gwada shi da batir a gabanmu. Usta ya gyara tsohon, muka ajiye shi a akwatin kayan aiki. Kuɗin biyun ya ɗan haura na sabon.

Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Shagunan da muka zaga duk suka rufe, alkawarin canji ya bi iska. Da muka yanke shawarar barin Umdurman zuwa wurin dangi a Mai Wurno, garin da jikokin mutanen Sakkwato suka kafa a bakin kogi kusa da Sennar, gida uku ne suka hau bayan sifinja, da tsofaffi da jarirai. An tsayar da mu a shingaye ba adadi, kuma a kowanne sai an ce a kashe mota. Duk lokacin da kawu ya kai hannu ga makulli, sai in ji mata a baya sun yi tsit, har sai injin ya kama. Tsohon kik ɗin bai bar akwatinsa ba har muka sauka, yana nan naɗe a buhunsa.