Asalin Kalmar Zarra

Sau da yawa 'yan'uwanmu na Tsangayar Kimiyya sukan ce wai Hausa ba za ta iya ɗaukar iliminsu ba, don ba ta da kalmomi. Wannan gori shi ya sa na bi salsalar kalma guda, watau ƙwayar zarra.

Zarra dai aro ce daga Larabci. Ma'anarta ta asali ita ce ɗan mitsitsin kiyashi, ko kuwa ƙurar nan da ake gani tana yawo cikin hasken rana. A Maruta, can ƙasar Gwaram, na fara jin ta a makarantar allo cikin Suratu Zalzala. Malaminmu bai yi dogon bayani ba, sai ya nuna mana hasken da ya ratso ƙofar zaure. Ashe tun kafin zuwan boko muna da sunan abu mafi ƙanƙanta.

To, su Turawa fa? Kalmarsu ta atam daga Girkanci suka aro ta, ma'anarta abin da ba ya yankuwa. Amma a 1897 J. J. Thomson ya gano ilaktaron a cikinsa, a 1911 kuma Rutherford ya nuna yana da cibiya. Abin da aka ce ba ya yankuwa ga shi ya yanku, duk da haka ba su yar da sunan ba. Tamu zarrar kuwa ƙanƙanta kaɗai ta yi alkawari, har yau kuma ba a ƙaryata ta ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne kwak, wanda uku-ukunsa ke haɗuwa su yi furoton. A 1964 Murray Gell-Mann na Amurka ya raɗa masa suna, rubutun kalmar kuwa daga littafin James Joyce mai suna Finnegans Wake ya tsinto shi. Ba ta da wata dangantaka da kimiyya, amfani ne kawai ya zaunar da ita.

Saboda haka, jama'a, suna linzami ne, mai doki ke sa shi. In mun ari alƙalami da mota sun zauna, me zai hana kwak? Abin da nake tsoro shi ne ƙannenmu na ƙauye su taso suna zaton sanin halittar Allah sai da bakin wani. Aikin raɗin sunan nan namu ne, mu ɗaliban Hausa. Allah ya ba mu iko, amin.