Basamariyen Bai Fito Hannu Wofi Ba



Muna dawowa daga taron matasa, muna ta waƙa a mota, sai muka tarar wata bas ta kife a bakin hanya, fasinjoji warwatse cikin ciyawa. Mu goma sha huɗu muka sauka. Wasunmu suka ɗora hannu a ka, wasu suka kama addu'a cikin kuka. Wani ɗan'uwa ya fasa ruwan leda zai ɗura wa wanda ya suma.

Allah ya sa akwai ma'aikaciyar jinya a cikinmu. "Ɗan'uwa, kada ka ba shi ruwa, zai shaƙe!" in ji ta. Nan take ta raba mana aiki. Masu iya tafiya, a tara su gindin bishiya. Mai ihu yana numfashi, a fara duba waɗanda suka yi shiru. Inda jini ke zuba, a danne da ɗankwali da ƙarfi, kada a ɗaga. Mai ciwon wuya ko baya, a bar shi yadda yake. Mutum ɗaya ya kira 122, lambar jami'an kiyaye haɗurra.

Amma kafin ta buɗe baki mun riga mun ja wata uwa da hannuwa zuwa inuwa. Daga baya ta ce ba ta jin ƙafafunta. Har yau abin yana cin mu a rai. Da ƙauna muka yi, amma cikin rashin sani.

Mun sha karanta Luka sura 10, muna yabon tausayin Basamariyen nan. A ranar ce muka lura cewa bai fito hannu wofi ba. Yana da mai da ruwan inabi, ya iya ɗaure rauni, ya san inda zai kai mutumin, ga dinari biyu na biya.

Saboda haka zumuntarmu ta yanke shawara: za mu koyi taimakon farko, mu ajiye akwatin bandeji da safar hannu a majami'a da motar ikilisiya, kowa kuma ya san rukunin jininsa. Ba mu daina addu'a ba, amma yanzu muna yin ta hannuwanmu na kan rauni.

Ya Ubangiji, ka gafarta mana sakacinmu, ka koya wa hannuwanmu yi wa maƙwabci hidima. Amin.